Ina Ake Kai Ƙarar Mai Hukuma? Tarihin Ƙofar Koke Daga Zauren Mazalim Zuwa Yau

  

Duk wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Arewa zuwa nan Badun, shanu ne ko albasa ko wake, ko kuwa ya loda huhunan goro ya nufi gida, ya san lissafin tafiya iri biyu ne. Akwai kuɗin kaya da kuɗin mota, waɗannan suna shiga littafi. Akwai kuma kuɗin hanya, wanda ba shi da rasit, ba shi da ƙayyadadden farashi, sai abin da mai shinge ya ga dama a ranar. In an iso kasuwa, wani ya zo da tikiti da safe, wani ya zo da irinsa da la'asar, kowa kuma yana cewa hukuma ce ta aiko shi. Mun saba da abin har mun daina kiransa da sunansa, sai mu ce "na goro" ko "a ga yara". In ya yi yawa mu je wa Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa da kuka, su kuma su je su ba da haƙuri. Abin da ba mu cika yi ba shi ne mu zauna mu rubuta takarda mu kai ƙarar jami'in ga hukumar da aka kafa domin wannan aiki. Da yawa cikinmu ba su ma san da ita ba. Waɗanda suka sani kuwa suna ɗaukar ta kayan 'yan boko, ba ta baƙo ɗan kasuwa ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin wannan ƙofa, mu ga daga ina ta fito, me take iyawa, me kuma ya fi ƙarfinta.

Mu fara da inda muka fi sani. Buhari da Muslim sun kawo labarin wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware dukiyar kashi biyu, ya ce wannan na baitulmali ne, wannan kuwa kyauta ce aka yi masa. Manzon Allah bai bar maganar ta tsaya a tsakaninsu ba. Ya hau mumbari ya yi wa jama'a huɗuba a kai, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa ba tare da muƙamin ba, da babu wanda zai kawo masa kyautar. Ke nan tun a Madina an riga an yanke hukuncin abin da mu muke kira na goro. Sayyidina Umar ya ɗora a kan haka. Yakan rubuta abin da mutum ya mallaka a lokacin da ya naɗa shi, in daga baya ya ga dukiyar ta yi ƙiba fiye da albashi sai ya raba ta biyu ya mayar da rabi baitulmali. Yana da sahabi Muhammadu ɗan Maslama wanda yake aikawa takanas ya binciki gwamnan da aka kawo ƙararsa, kuma yakan tara gwamnoninsa a lokacin aikin Hajji domin wanda yake da kuka a kansu ya faɗa a gabansu.

Da daula ta faɗaɗa sai abin ya zama ofishi mai suna da tsari, ana kiransa mazalim, wato duba zalunce-zalunce. Malamin da ya fi fayyace shi shi ne Imamu Mawardi na Bagadaza, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, daidai da 1058, a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya. Ya ce Abdulmalik ɗan Marwan ne ya fara keɓe rana guda don duba koke-koken mutane, sannan Umar ɗan Abdul'aziz ya zauna da kansa ya riƙa ƙwato abin da danginsa Banu Umayya suka cinye yana mayar wa masu shi. Dalilin kafa ofishin a fili yake. Alƙali yana iya raba gardama tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa, amma in wanda ake ƙara gwamna ne ko mai karɓar haraji ko ɗan sarki, alƙali kan rasa ƙarfin da zai sa a zartar da hukuncinsa. Sai aka nemi kujerar da ta haɗa kwarjinin sarauta da adalcin shari'a. Mawardi ya ce zaman ba ya cika sai da mutane iri biyar: dogarai, alƙalai, malaman fiƙihu, marubuta da shaidu. Ya kuma jera ayyukan ofishin guda goma, kuma na farko-farkonsu su ne zaluncin masu mulki a kan talakawa, da ƙari a kan harajin da aka ƙayyade, da maguɗin malaman ofis a cikin littattafan gwamnati. Waɗannan uku, in ji shi, mai kujerar zai bincika su ko da babu wanda ya kawo ƙara. Jama'a, ku sake duba jerin nan. Kusan shekara dubu ke nan da rubuta shi, amma kamar a bakin kasuwar Bodija aka zauna aka rubuta.

Wannan ilimi ya iso ƙasar Hausa tun da wuri. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya rubuta masa ɗan littafi kan wajiban sarakuna, kuma maganar da ya yi ta maimaitawa a cikinsa ita ce babu musibar da ta kai sarki ya shige cikin gida talakawa su kasa ganinsa. Bayan shekara ɗari uku Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya dawo kan batun a Kitabul Farƙi, inda ya lissafa ɗabi'un mulkin da ya yi jihadi a kansu, har ya kira su da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwar da ake bayarwa kafin a kai ga mai mulki, kamuwa wato ƙwace dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki, da tawasa wato naman da ake karɓa a hannun mahauta ranar kasuwa. Mu da muke harkar shanu da mahauta mun san tawasa ba ta mutu ba, riga kawai ta canza. Ƙanensa Shehu Abdullahi, da ya ga wasu cikin jama'ar jihadi sun fara karkata ga irin abin da aka yaƙa, sai ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka. A Kano mutane suka tsayar da shi wajen shekarar 1807, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake tafiyar da mulki da shari'a, har da batun mai duba zalunce-zalunce.

To, gaskiya guda da ya kamata mu faɗa ita ce abin da ke cikin littafi daban, abin da talaka ya gani a ƙofar fada daban. Tafiyar Shehu Abdullahi kanta shaida ce. Ƙofar mazalim tana buɗe ne gwargwadon tsoron Allah na wanda ke kan gado, domin shi ne ya naɗa hakimin, shi ne kuma za a kai wa ƙarar hakimin. In aka yi dace da adali, talaka ya sha iska. In ba a yi dace ba, sai haƙuri ko ƙaura, kuma ƙaura ita ce takardar koken da talakan ƙasar Hausa ya fi rubutawa, da ƙafarsa.

Zuwan Turawa bai gyara wannan ba. Mulkin En'e ya ƙara wa sarakuna da hakimai ƙarfi, ya haɗa musu kotu da 'yan doka da gidan yari da baitulmali a hannu ɗaya. A takarda, talaka yana iya tare Di'o in ya fito rangadi ya faɗi kukansa. Amma maganar sai ta bi ta bakin tafinta, kuma in Bature ya hau dokinsa ya tafi, da hakimin za a kwana a gari ɗaya. Wannan ne ya sa a watan Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin a binciki tsarin En'e gaba ɗaya, ya yi magana a fili kan cin hanci da yadda aka mayar da talaka ba a bakin komai ba. A wancan zamani wannan ba ƙaramar jarumta ba ce.

Mu kuma a nan kurmi tarihinmu ya bi wata hanya. A 1916 aka keɓe wa Hausawan Badun wannan unguwa ta Sabo, aka tsayar da sarki a kanta. Kakanninmu suka gina tsarin da ya riƙe cinikin goro da na shanu shekara da shekaru ba tare da banki ko lauya ba. Baƙo ya sauka gidan fatoma, fatoma ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashin mahauci. In rigima ta tashi a je gaban Sarki da malamai a kashe ta kafin magariba. Wani Bature masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar nan a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi guda a kan wannan tsari. Ba mu raina shi ba, da shi muka ci muka sha, har gobe kuma muna cin moriyarsa. Sai dai an gina shi ne don sasanta tsakaninmu. In matsalar ta fito daga waje, daga ma'aikacin ƙaramar hukuma ko mai karɓar haraji ko jami'in filaye, abin da Sarkin Hausawa yake da shi shi ne mutunci da lallashi. Ba shi da ikon ya ce a kawo masa fayil, ba shi da ikon ya kira jami'i ya amsa tambaya, kuma shi kansa yana bukatar zaman lafiya da hukumar da ke tabbatar da kujerarsa. Daga nan muka gaji ɗabi'ar cewa baƙo ba ya ƙara, baƙo roƙo yake yi.

Alhali masu masaukinmu ba haka suka ɗauki abin ba. Mutanen Badun tun zamanin Razdan gwanayen rubuta takardar koke ne, ɗakin adana takardun tarihi na ƙasa da ke cikin jami'ar Ibadan cike yake da irinsu. Kuma takardun sukan yi aiki. A tsakiyar shekarun 1950 ƙorafe-ƙorafe a kan majalisar gundumar Ibadan suka sa aka kafa kwamitin bincike na Nicholson, kuma sakamakonsa ya sa Adegoke Adelabu, wanda yake shugaban majalisar kuma ɗan siyasar da ya fi kowa farin jini a garin nan, ya sauka daga kujerar minista a 1956. Ko siyasa ta shiga cikin binciken ko ba ta shiga ba, wannan mahawara ce ta masana. Abin lura a wajenmu shi ne irin waɗannan kwamitoci na lokaci guda ne. A kafa, a yi zama, a rubuta rahoto, a watse. Wanda aka zalunta a shekara mai zuwa ba shi da inda zai nufa.

Ofishi na dindindin wanda aikinsa kawai karɓar koken talaka a kan ma'aikatan gwamnati, a sigarsa ta zamani, daga ƙasar Suwidin ya fito. A can ake kiran mai riƙe da shi ombudusman, ma'ana wakili. Sarkinsu Charles na 12, bayan Rasha ta ci shi da yaƙi a 1709, ya yi shekaru yana gudun hijira a ƙasar Daular Usmaniyya, kuma daga can ne a 1713 ya ba da umarnin a naɗa wani babban wakili da zai sa ido a kan alƙalai da ma'aikata a bayansa. Akwai masana tarihi da ke ganin abin da ya gani a hannun Turkawa ne ya ba shi wannan tunani, akwai kuma waɗanda ba su yarda ba. Ko ma dai yaya ne, a 1809 tsarin mulkin Suwidin ya yi wani sauyi mai muhimmanci: ya kafa wakilin da majalisa ce take naɗa shi, ba sarki ba. Wannan shi ne abin da tsohon tsarin mazalim ya rasa, wato mai bincike wanda cinsa da shansa ba a hannun wanda yake bincika suke ba. Daga baya ƙasashe suka yi ta kwaikwayo, Denmak a 1955, Niyu Zilan a 1962, Ingila a 1967. A Afirka Tanzaniya ce ta fara, a zamanin Nyerere, a tsakiyar shekarun 1960.

Namu ya zo ne ta hanyar da dattawanmu za su tuna. Kowa ya san Udoji da ƙarin albashin da ya sa kaya suka yi tashin gwauron zabi a kasuwa. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne rahoton da kwamitin Cif Jerome Udoji ya miƙa a 1974 ya ba da shawarar a kafa irin wannan ofishi a Najeriya. A shekarar ce kuma Jihar Arewa ta Tsakiya, wato Kaduna da Katsina na yau, ta kafa nata ofishin karɓar koke-koke tun kafin gwamnatin tarayya ta motsa. Lokacin kuwa ƙasa tana tafasa. Kuɗin man fetur ya shigo, maganar cin hanci ta cika gari, kuma mai ƙorafi ba shi da ƙofa sai ya je kotu ya yi rantsuwa a rubuce. Haka Godwin Daboh ya yi a kan kwamishinan tarayya Joseph Tarka a 1974, har Tarka ya ajiye aiki. Aper Aku ya yi irin haka a kan gwamnan Binuwai-Filato Joseph Gomwalk, amma shi sai Janar Gowon ya wanke gwamnan, aka tsare mai ƙarar. Mutum biyu, hanya ɗaya, sakamako biyu.

Ranar 29 ga Yuli 1975 aka yi juyin mulki Murtala Muhammad ya hau. Ya sallami ma'aikata fiye da dubu goma, ya kafa kwamitin binciken kadarorin gwamnonin Gowon goma sha biyu, aka sami goma da laifi. Biyun da suka fita su ne Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi wanda ya mulki Jihar Yamma daga nan Badun. A watan Oktoba na shekarar aka fitar da Doka ta 31 ta 1975 wadda ta kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ake taƙaita sunanta da PCC. Wanda aka fara ba wa shugabancinta kuwa ba baƙonmu ba ne: Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, Allah Ya jiƙansa. Duk mai cewa wannan hukuma ba tamu ba ce ya tuna da wannan. Da sojoji za su miƙa mulki a 1979 sai suka cusa dokar a cikin tsarin mulki don kada 'yan siyasa su soke ta cikin sauƙi, kuma tana nan a sashe na 315 na tsarin mulkin 1999.

Me dokar ta ba ta? Tana da ikon binciken duk wani mataki na ma'aikatar tarayya ko ta jiha ko ƙaramar hukuma, da hukumomin gwamnati, har ma da kamfanoni masu rajista, in matakin ya saɓa doka, ko an yi shi bisa son rai, ko akwai danniya a ciki, ko an ƙi yi wa mutum bayani. Tana iya neman takardu, tana iya kiran jami'i ya bayyana a gabanta, kuma wanda ta rubuta wa dole ya amsa cikin kwana talatin. Majalisar Tarayya ce ke naɗa kwamishinoninta, tana da ofishi a kowace jiha har da nan Oyo, kuma ba a biyan ko sisi don shigar da koke. Ba a bukatar lauya.

Me kuma ta hana ta? A nan ne gizo ke saƙa. Hukumar ba kotu ba ce, ba ta ɗaure kowa, ba ta tilasta a biya. In ta gama bincike shawara take bayarwa, in kuma ta ga alamar laifi ta tura wa masu gurfanarwa. Ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu. Ba ta karɓar koken da mai shi ba shi da hannu a cikinsa kai tsaye. Tana so ka fara bin hanyoyin da ke akwai a ma'aikatar da ta cuce ka kafin ka zo mata. Sannan ga sharaɗin da ya fi cin mutanenmu: in wata goma sha biyu suka wuce daga ranar da abin ya faru, ƙofa ta rufe. Mu kuwa da ɗabi'armu ta a bari a ga abin da Sarki zai yi, a bari a wuce azumi, a bari Alhaji ya dawo daga Makka, shekara ba ta da wuyar cika. Tarar da dokar ta sa wa wanda ya ƙi amsa kiranta naira 500 ce ko ɗaurin wata shida. A 1975 naira 500 kuɗi ne na gaske, yau kuwa ko kwanon tuwo ba za ta saya ba. Saboda haka masu yi mata kirari da kare marar haƙori ba su rasa hujja ba. Amma a namu ganin, ga irin matsalolin da suka fi damun talaka, fanshon da aka riƙe, rumfar da aka ƙwace aka ba wani, takardar fili da ta shekara a kan tebur, harajin da aka karɓa sau biyu, wasiƙa mai hatimin hukuma tana sa ƙaramin jami'i ya shiga taitayinsa fiye da yadda muke zato. Shi ma yana da fayil, kuma ba ya son a sa masa takarda a ciki.

Cin hanci tsagwaronsa kuwa, tun daga shekarar 2000 an yi masa gida na musamman. A shekarar ce Obasanjo ya sa hannu a dokar ICPC, aka ba Mai shari'a Mustapha Akanbi shugabanci. Wasu jihohi suka ce tarayya ba ta da hurumin bin ma'aikatansu, Jihar Ondo ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a 2002 cewa dokar ta hau kan kowa. EFCC ta biyo baya a 2003. Waɗannan biyu suna da haƙora, suna kamawa suna gurfanarwa, kuma dukkansu suna da ofishi a garin nan. Akwai abu guda a dokar ICPC da ya kamata a karanta a kowane masallaci na unguwar nan: ba dole ne koke ya zo a rubuce ba. Mutum yana iya zuwa ya faɗa da baki, jami'in ya rubuta, a karanta masa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Dokar ta kuma ce a ɓoye sunan mai ba da labari. Wanda bai yi boko ba, ba shi da uzuri ta wannan fuska.

Daga baya jihohi suka shiga. Kano ta daɗe da tata hukumar wadda ta haɗa karɓar ƙorafi da yaƙi da cin hanci a ƙarƙashin rufi ɗaya, da dokarta ta 2008. Nan Oyo gwamna Seyi Makinde ya sa hannu a dokar kafa OYACA a ƙarshen 2019, Legas ta yi tata a 2021. Amfanin hukumar jiha shi ne kusanci, domin mafi yawan waɗanda muke gogayya da su kullum ma'aikatan jiha ne da na ƙaramar hukuma. Rauninta kuma shi ne tsohon raunin nan na zauren mazalim: gwamna ne ke zaɓo shugabanninta, daga aljihun gwamnatinsa take ci. A kan ƙaramin ma'aikaci za ta iya, a kan na kusa da gwamna sai an gani. Mun ji 'yan'uwa suna cewa ai hukumar jiha ta 'yan jiha ce, Bahaushe ba zai sami adalci a can ba. Tsoron ba daga sama ya faɗo ba, mun san abin da muka gani a zaman nan. Amma sashe na 41 da na 42 na tsarin mulki sun ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so, sun hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali, kuma mai biyan haraji a Oyo yana da haƙƙi a kan ma'aikacin Oyo. In ma aka ƙi sauraronsa, ƙin da aka yi a rubuce hujja ce da zai ɗauka ya kai gaba.

Mu tuna abin da ya faru a 2021. Bayan rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairu, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu safarar abinci da shanu ta dakatar da kawo kaya Kudu, kuma cikin bukatunta har da a kawar da shingayen karɓar kuɗi da harajin da ake ninkawa a hanya. Cikin 'yan kwanaki tumatir da nama suka yi tsada, manya suka kira zama, aka yi alkawura, aka janye. Wannan ya nuna muna da murya in mun haɗu. Amma ku tambayi direbobi yau ko shingayen sun tafi. Tun 1998 aka yi dokar da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Yajin aiki yana girgiza gwamnati na mako guda, amma ba ya barin suna ko rana ko lambar mota a fayil ɗin kowa, kuma hukumomin nan da fayil suke aiki. Wanda bai rubuta ba, a wajensu ba a yi masa komai ba.

A matsayinmu na masu ɗan tsayawa gaban sahu, akwai gargaɗi biyu da ba za mu tsallake ba. Na farko, ƙage haramun ne, ko a kan wanda muke ƙi. Dokar PCC ma ta tanadi ɗaurin shekara guda ba zaɓin tara ga wanda ya san ƙarya ce ya shigar, ta ICPC kuwa ta fi haka tsanani. Kada gabar kasuwa ko rigimar shugabancin ƙungiya ta sa wani ya mayar da wannan ƙofa makami. Na biyu, maganar mai bayarwa. Malamai da yawa sun yi sassauci ga wanda aka tilasta ya bayar don ya kuɓutar da haƙƙinsa, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Amma dokar ƙasa ta sa wa mai bayarwa da mai karɓa ɗaurin shekara bakwai kowannensu, ta kuma wajabta wa wanda aka nemi hanci a hannunsa ya kai rahoto. Wanda ya biya da kansa don ya tsallake layi ko ya shigar da kayan da bai kamata ba, wannan ba wanda aka zalunta ba ne, abokin tarayya ne, kuma mun san akwai irinsu a cikinmu.

Takardar koken kanta ba wani abin tsoro ba ce. Sunanka da inda kake, sunan jami'in ko muƙaminsa da ofishinsa, ranar da abin ya faru da wurin, nawa aka nema ko aka karɓa, su wa suka gani, wa ka fara kai wa kuka kuma me ya ce, sannan me kake so a yi maka. A haɗa da hoton rasit ko tikiti ko shaidar tura kuɗi ta waya, a riƙe na asali a gida. A yi kwafi biyu, a sa su buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. In maganar ta ɗan sanda ce, rundunar tana da sashen karɓar ƙorafi da ta buɗe a 2015, ga kuma Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda. A da, a bakin gidan waya ake samun malamin rubuta wasiƙa da tebur da tawada. Yanzu kusan kowane gida a Sabo yana da yaro ko yarinya da suka gama sakandare, wasu ma jami'a. Shawararmu ga kwamitin masallaci da shugabannin 'yan goro da na kara ita ce a ware mutum biyu cikin yaran nan da littafi guda, su riƙa zama bayan sallar Juma'a, duk direba ko ɗan kasuwar da aka karɓi wani abu a hannunsa cikin makon ya zo a rubuta rana da wuri da adadi. In wata uku suka cika a tattara a kai da sunan waɗanda abin ya shafa, tare da rakiyar wakilin Sarki.